Ƙofar karatun tsufa, da tsayin wa aka auna ta?

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar, ɗiyar yayata ta same ni a zaure riƙe da wata jaka cike da takardu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Kawu, so nake ka duba mini dosiyen nan kafin in aika." Na zaci neman aiki ne, domin ta daɗe tana aikin jinya a wani ƙaramin asibitin kuɗi a nan Yawunde, albashin kuwa ba ya kai ta ƙarshen wata. Ashe makaranta take son komawa. Digiri na biyu take nema a fannin da masu boko ke kira jerontoloji, wato ilimin tsufa da tsofaffi.

Maƙwabcinmu Alhaji, wanda ya tsufa a cinikin goro tsakanin Briketeri da kasuwar Mokolo, yana gefe yana jan carbi. Ya ɗago kai ya ce, "Ikon Allah! Yanzu tsufan ma sai an shiga aji? To ga ni, ku zo ku karance ni, ba sai kun biya ko sisi ba." Muka yi dariya. Da dariyar ta lafa sai ya fito da abin da ke ransa: "Ni dai na san inda zancen zai ƙare. Gida za ku gina ku tara mu, yadda Nasara ke yi da iyayensu."

Tsoron Alhaji yana da tushe, kuma zan dawo kansa. Amma dalilin yarinyar na fi sani, don a gidanmu ya faru. Innarmu ta zame a banɗaki wata safiya da damina, ƙashin ƙugunta ya karye, daga ranar ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba. Shekara shida ta yi a kwance. A shekara shidan nan jikar nan tata ce ke juya ta, ta yi mata wanka, ta canza shimfiɗa, ta niƙa magani a cokali, ta kwana a tabarma gefen gado. Mu 'ya'yanta maza iyakacinmu kawo kuɗi da tsayuwa a bakin ƙofa mu ce, "Inna, ya jikin?"

A shekara ta biyu, dare ɗaya Inna ta rikice. Ta daina gane mu, tana kiran mutanen da suka rasu tun muna yara, tana cewa a kore mata awaki daga ƙarƙashin gado. Gida ya rabu biyu. Wasu suka ce gigin tsufa ne, ba magani sai haƙuri. Wasu suka ce iska ce, aka aika a kira mai ruƙiyya. Yarinyar nan kaɗai ta kafe a kan cewa gigin tsufa ba ya zuwa dare ɗaya, a hankali yake shigowa kamar furfura. Ta matsa aka kai fitsari awo, aka sami ƙwayoyin cuta a mafitsara, ga jiki ya bushe don Inna ta rage shan ruwa saboda kunyar a riƙa ɗaga ta. Sannan ta zazzage ledar magunguna a gaban likita: kala tara, daga hannun likitoci uku da ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya rubuta, har da na barci guda biyu, suna daban, aiki ɗaya. Aka ba da maganin cutar, aka rage na ledar zuwa huɗu. Kwana biyar Inna ta dawo hayyacinta. Abin da ta fara tambaya shi ne wa ya buɗe mata akwati.

Babu wanda ba ya son Inna a gidan nan. Mai cewa a yi haƙuri da mai cewa a kira malam duk ƙauna ce ta sa su magana. Abin da ya yi mana ƙaranci sani ne. Shi ya sa in na ji an ce mu ba mu da buƙatar irin wannan karatu tunda addininmu ya riga ya wajabta mana kula da iyaye, nakan ce gaskiya ne ya wajabta, amma salla ma an wajabta mana, duk da haka sai da aka zaunar da mu aka biya mana Ahalari da Ishmawi kafin muka iya ta. Umarni daban, iyawa daban.

Masu ganin wannan ilimi baƙo ne su tuna Ƙairawan, garin Ibn Abi Zaid mai Risala, littafin da ba zauren karatu a ƙasar Hausa da ba a biya shi. A garin nan, a ƙarni na 10 ɗin da mai Risala ya rayu, akwai wani likita Ibn al-Jazzar da ya rubuta littafi sukutum a kan lafiyar tsofaffi da yadda ake kiyaye ta. Ibn Sina ma ya ware wa tsofaffi babi a cikin Ƙanun ɗinsa. Sunayen zamani ne suka zo daga baya: Élie Metchnikoff ya ƙirƙiro kalmar jerontoloji a 1903, Ignatz Nascher ya ƙirƙiro jeriyatri a 1909. Akwai bambanci tsakaninsu da ya kamata iyayen yara su sani. Jeriyatri likitancin tsofaffi ne, sai wanda ya gama karatun likita yake shigarsa. Jerontoloji kuwa ya fi faɗi: jiki, ƙwaƙwalwa, zaman iyali, fansho, fasalin gida da titi, dokokin ƙasa. Ma'aikacin jinya yana iya shiga, haka wanda ya karanta zamantakewa ko halayyar ɗan Adam ko ƙididdigar jama'a. Na fi son labarin Marjory Warren, likitar da aka damƙa wa ɗaruruwan tsofaffi a wani asibiti kusa da Landan a 1935, waɗanda aka riga aka yanke musu ƙauna. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta gano da yawansu kwanciyar ce ta kwantar da su, ta tashe su, wasu har suka koma gida da ƙafarsu.

Za a ce Kamaru ƙasar yara ce, rabin jama'arta ba su kai shekara 20 ba, ina ruwanmu da matsalar Japan da Italiya? Ƙidayar 2005 ta nuna waɗanda suka kai 60 kimanin mutum biyar ne cikin ɗari. Amma biyar cikin ɗari na jama'ar da ta doshi miliyan 30 ya haura mutum miliyan ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan ɗaya a 2020, za su kai biliyan 2.1 a 2050, kuma mafi yawansu a ƙasashe irin namu za su kasance. Turai ta yi arziki kafin ta tsufa. Mu tsufa zai same mu muna neman na cefane. Abin dariya ma, ƙasar da shugabanta aka haife shi a 1933, yake kan mulki tun 1982, ai ba ita za a koya wa cewa mutum yana daɗewa a duniya ba. Sai dai tsufan fada da tsufan lungu ba ɗaya ba ne.

Kowa ya san Birik, wato unguwarmu Briketeri, ya san ba don tsoho aka gina ta ba. Sunan ma daga wurin yin bulo na zamanin Jamus ya samo asali, kuma kakanninmu fatake da suka sauka nan da goro da shanu da tufafi, daga Kano da Katsina da Garwa da Ngaundere, majiya ƙarfi ne. Lungu siriri a kan gangare, kwata a tsakiya, 'yan benskin masu haya da babur suna ratsawa, damina ta zo ƙasa ta yi santsi kamar an zuba karkashi. Na san dattawan da masallaci bai fi taku ɗari da ƙofarsu ba, amma sun shekara ba su sami jam'i ba don babu mai riƙe musu hannu su tsallake kwata. Gidajen da a da ke ɗauke da kaka da 'ya'ya da jikoki an yanka su ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya. 'Ya'ya maza suna Duwala, Libarbil, Malabo, Dubai, suna aiko da kuɗi ta waya. Kuɗin waya ba ya juya mara lafiya kowace awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Fansho kuwa, tela da mai tsire da mai canji ba su san shi ba. Asusun fansho na CNPS yana biyan wanda ya kai 60 kuma ya yi zubin wata 180, kuma ko da aka buɗe wa masu sana'ar kansu ƙofa a 2014, dattawanmu lokaci ya riga ya ƙure musu. Fanshon Bahaushe ɗansa ne, in za a faɗi gaskiya kuwa 'yarsa ce, ko matar ɗansa.

Da wannan a raina na buɗe dosiyen. Makarantu uku ta duba, kuma ta yi bincike sosai. Ta san makarantar Leonard Davis ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda aka kafa a 1975 don wannan fanni kaɗai, amma ta ajiye ta gefe saboda kuɗi. Ta fi sa rai da Jami'ar Southampton a Ingila, wadda ke koyar da digirin ta intanet, kuma an sha ba da tallafin ƙungiyar Kwamanwel a kansa, ƙungiyar da Kamaru ta shiga a 1995. Akwai kuma Jami'ar Sherbrooke a Kebek ta Kanada, inda ake karatun da Faransanci har zuwa digiri na uku. Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne ko'ina. Digirin farko da sakamako mai kyau: a Amurka galibi maki 3 cikin 4, a Ingila aji na biyu, a tsarinmu na Faransanci kuwa yawanci ana duban 12 cikin 20. Takardun sakamako na kowace shekara, da tambur da hatimi. Wasiƙar shaida biyu ko uku daga malaman jami'a. Bayanin dalilin da ya sa kake son karatun. Jarrabawar Ingilishi, IELTS ko TOEFL, ga makarantun da ke koyarwa da shi, inda yawancinsu ke neman 6.5 a ta farkon. In kuma tafiya za a yi, shaidar kuɗi. Faransa, misali, tana son ɗalibi ya nuna yana da yuro 615 a kowane wata, wato sefa dubu ɗari huɗu da 'yan kai, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin kamfani yake dubu 60.

Na daɗe ina kallon wata takarda guda. Sakamakonta na lisans, wato digirin farko, 11 ne da ɗoriya. Na san yadda aka yi ya zama haka, don ina nan. Bayan ta gama makarantar jinya ta shekara uku ta koma ta ƙara karatu don ta sami lisans, kuma a shekarar ce Inna ta rikice. Da idona na gan ta tana bitar darasi da fitilar waya ƙarfe uku na dare, ƙafar Inna a kan cinyarta tana matsawa. Makin da zai sa kwamfutar makaranta ta jefar da takardarta tun kafin ɗan Adam ya gani, jinyar tsohuwa ce ta jawo shi. Wato abin da ya sa ta fi kowa cancantar karatun tsufa shi ne ya rufe mata ƙofar karatun tsufa. A duk shafukan da na karanta, gurbin shekara shidan nan layi biyu ne a cikin wasiƙar bayani, in har an kai ga karanta ta.

Ba ita kaɗai ba ce. Ku zagaya Birik ku ƙidaya masu jinyar tsofaffi: zawarawa, matan aure da aka cire daga makaranta bayan bak, wato jarrabawar ƙarshen sakandare, 'yan mata da aka ce su dakata da karatu sai hali ya yi. Ku ƙara da samarinmu da suka yi digiri a Madina ko Azhar ko Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, waɗanda su ne dattawa ke yarda su gaya wa damuwarsu, amma sai sun bi layin neman a daidaita musu takardunsu a ma'aikatar ilimi mai zurfi kafin a ce musu digirinsu digiri ne. Ku ƙara da waɗanda takardar haihuwarsu ta kotu ce, an rubuta sunan uba iri ɗaya a nan, wani iri a can. Ƙofar nan an auna ta ne da tsayin yaro ɗan shekara 22 da ya taso daga aji zuwa aji ba tare da ya taɓa wanke wa kowa fo ba.

Sai kuma harshe, inda abin ya fi ba ni haushi. Ana tambayar ɗalibi ko ya iya Ingilishi, ana da gaskiya, littattafan da shi aka rubuta. Amma ba fom ɗin da ya tambaye ta ko ta iya harshen tsohon da za ta kula da shi. Bari in nuna muku abin da wannan ke jawowa. Akwai wani gwajin ƙwaƙwalwa mai maki 30 da aka wallafa a Amurka a 1975, wanda ya zagaye duniya. Ana tambayar tsoho yau nawa ga wata, wace shekara muke, ya riƙa cire bakwai-bakwai daga ɗari, ya karanta jimla ya aikata abin da ta ce, ya rubuta tasa jimlar, ya kwaikwayi zanen wasu siffofi biyu masu kusurwa biyar. An taɓa yi wa Inna makamancinsa a wani asibiti, bayan ta warke sarai. Wata? Ta ce saura kwana tara a ga watan azumi, kuma daidai ne, amma ba shi ke cikin takardar ba. Shekara? Ba ta taɓa lissafi da shekarar Nasara ba, nata lissafin da haihuwa da rasuwa da aikin hajji ne. Biro kuwa ba ta taɓa riƙewa ba, alƙalami da allo ta sani. Da matashin likitan ya ga abin ya ƙi, sai ya sauƙaƙa mata, ya ce a tambaye ta sunan mijinta. Inna ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Ya ce to sunan 'yarta ta fari. Ta kau da fuska. Ya ɗauki biro zai rubuta cewa mantuwa ta yi nisa, sai jikarta ta tare shi ta ce, "Dokta, ba mantawa ta yi ba, alkunya ce. Shekara sittin ba ta taɓa faɗin sunayen nan ba, ba kuwa yau za ta fara ba." Matar da ta san bashin kowa a unguwa har na sefa ashirin da biyar, saura ƙiris a rubuta ta cikin masu gigi.

Likitan ba mugu ba ne, abin da aka koya masa ya yi. Masana na ƙwarai sun daɗe da gane wannan rami. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indiyanapolis, ƙarƙashin Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie, sai da ya gina nasa gwajin da ya dace da tsofaffin da ba su yi boko ba, ana kuma tambayar na kusa da su. A can Ibadan ɗin ne aka fito da dabarar ba tsoho tsinken ashana huɗu ya jera su ya kwaikwayi siffa, maimakon a miƙa masa biro. Binciken ya nuna ciwon mantuwa bai kama Yarabawan Ibadan da yawa kamar yadda ya kama baƙaƙen fatar Indiyanapolis ba, kuma da an yi amfani da gwajin da bai dace ba da an sami akasin gaskiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wa zai yi wa Hausa da Fulatanci da Ewondo irin wannan aiki in ba 'ya'yan da suka tashi da su ba?

Ga wani abin kuma da ba a cika faɗa ba. Wanda ya tsallake duk shingayen nan, ya iya Ingilishi ko Jamusanci, yana da shaidar kuɗi, yana da fasfo, to an riga an shirya shi ne don tsofaffin wata ƙasa. Gidajen tsofaffi a Jamus da Kanada da Ingila suna neman ma'aikata ido rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 a 2023 da ma'aikatan lafiyarsu suka yi ƙarancin da bai kamata a riƙa zuwa ɗibarsu ba, Kamaru da Najeriya da Nijar duk suna ciki. Amma jeri ba ya hana mai albashin da ba ya kai ƙarshen wata tafiya. Na tambayi ɗiyar yayata ko za ta dawo in ta tafi. Ta ce, "In sha Allahu, Kawu." Na san irin wannan in sha Allahun, kuma ba zan ga laifinta ba.

Shi ya sa nake ganin a gida ya kamata a gina ƙofar, a kuma auna ta da tsayinmu. Kayan aikin suna nan. Babban Asibitin Yawunde, wanda ba shi da nisa da mu, yana da sashen kula da tsofaffi. Akwai tsangayar likitanci ta Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, akwai cibiyar IFORD da ke horar da masana ƙididdigar jama'a daga ƙasashen Afirka masu yawa tun farkon shekarun 1970, akwai makarantar kimiyyar lafiya ta jami'ar Katolika a Messa, ga jami'o'in Ngaundere da Marwa da sabuwar ta Garwa da aka kafa a 2022. Maƙwabta ma sun motsa: Senegal ta fara ba masu shekara 60 magani kyauta a shirin Sésame tun 2006, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar tsofaffi ta Tony Anenih a 2012. Duk jami'ar da za ta koyar da wannan digiri a ƙasar nan, ina roƙonta kada ta kwafo sharuɗɗan shiga daga intanet ta liƙa. Ta lissafa shekarun jinya a matsayin cancanta. Wannan ba bidi'a ba ce: Faransar da muke kwaikwayo a komai tana da doka tun 1985 da ke ba mai gogewar aiki damar shiga karatun da ba shi da takardarsa, ta kuma faɗaɗa ta a 2002. Mun kwaso musu jarrabawar konkur da tambur da layin hatimi, muka bar wannan a can. Ta kuma sa harshen gida cikin abin da ake gwadawa: a zaunar da mai neman shiga gaban tsohuwa, a ce ya bayyana mata yadda za ta sha maganin hawan jini da harshen da take mafarki da shi. Kuɗin makaranta kuwa ya tsaya kusa da dubu 50 ɗin da ake biya a jami'o'in gwamnati tun 1993, kada a sa masa sunan digirin ƙwararru a ninka shi sau goma.

Wani abokina malamin jami'a ya ce mini wannan zubar da darajar ilimi ne, digiri na biyu ba ladan jinya ba ne. Rabin maganarsa gaskiya ce. Wanda zai yi bincike dole ya iya lissafin ƙididdiga, ya iya karanta rahoto ya gane inda aka yi kuskure, kuma son kaka ba ya koyar da wannan. Ban ce a ba kowa takarda don ya wanke zanin gado ba. A sa shekara ɗaya ta share fage, a yi jarrabawa mai tsanani a ƙarshenta, wanda ya faɗi ya faɗi. Abin da nake ƙi shi ne a kayar da mutum da makin da ya samu shekarun baya, a daren da yake tsakanin littafi da mai numfashi sama-sama. Lissafi ana koyar da shi a wata tara. Haƙurin sauraren tsoho yana maimaita labari ɗaya sau biyar kafin azahar, ban san ajin da ake koyar da shi ba.

Mu ma a unguwa da namu laifin. Attajiranmu suna biya wa mutane kujerar hajji, suna shimfiɗa wa masallatai tayil, Allah ya saka musu. Amma ban taɓa jin an tashi bayan sallar Juma'a an ce ga wane ya ɗauki nauyin karatun yara biyu a fannin kula da tsofaffi, da sharaɗin su dawo su yi wa unguwa aiki shekara biyar ba. Malamanmu kuma suna da kujera a wannan aji, ko sun sani ko ba su sani ba. Dattijo mai ciwon suga da ya rantse ba zai sha azumi ba, likita ba zai iya da shi ba, sai malamin da zai zaunar da shi ya yi masa bayanin ciyarwa. Tsohuwar da yoyon fitsari ya sa ta daina salla don tana ganin ba ta da tsarki, tana kuka a ɓoye, hukuncinta yana nan a littattafan fiƙihu, ba wanda ya kai mata ne. Surukin da ya gwammace ya kwana cikin ƙazanta da matar ɗansa ta ga tsiraicinsa, maganinsa namiji mai jinya, kuma samarinmu suna ganin aikin na mata ne.

Na ce zan dawo kan Alhaji. Abin da yake tsoro ya faru a inda yake nufi. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe kimanin mutum dubu 15 a Faransa, yawancinsu tsofaffi, wasu a ɗakunansu su kaɗai. A 2022 ɗan jarida Victor Castanet ya tona yadda kamfanin Orpea, mai gidajen tsofaffi masu tsada, yake ƙididdige musu abinci da ƙunzugu don riba. Sai dai waɗanda suka karanci fannin su ne kan gaba wajen cewa a bar tsoho a gidansa muddin zai yiwu, a kawo masa taimakon inda yake. A Birik wannan yana nufin ƙarfen dafawa a banɗaki, kujera mai rami, murfi a kan kwata, mai jinya da ke zagayawa gida-gida, da wadda za ta karɓi mai jinya ta kwana biyu don ta yi barci. Da akwai ƙarfen dafawa na sefa dubu biyar a banɗakinmu, wataƙila da Inna ta yi shekara shidan nan a kan ƙafarta. Akwai kuma waɗanda Alhaji bai lissafa ba don shi yana da 'ya'ya goma sha ɗaya: dattawan da suka zo ci-rani tun suna samari ba su koma ba, suke kwana a shagunan mutane, da tsofaffin mata marasa haihuwa waɗanda in mantuwa ta kama su suka fara yawo da dare sai a fara raɗe-raɗin maita. Su wa zai tara, wa zai bari?

Muka gama duba takardun gab da magariba, hayaƙin masu tsire ya fara tashi daga bakin titi. Komai ya cika sai wasiƙun shaida. Ta sami ɗaya daga likitan da take aiki a ƙarƙashinsa. Malamanta na da kuwa ta je wurinsu sau uku, ɗaya ya yi ritaya, ɗaya ya ce a cikin ɗaruruwan ɗalibai ba ya tuna fuskarta, ta dawo wani mako. Wadda ta fi kowa sanin aikinta mun kai ta makwanci shekara biyu da suka wuce.

Alhaji, wanda na zaci ya daina sauraronmu, ya miƙe yana gyara babbar riga zai tafi alwala. Ya ce, "Shaida suke nema? Ai ni shaida ne. Shekara shida ina jin muryar yarinyar nan ta katanga tana lallashin tsohuwa ta ci abinci. Kawo takarda gobe in rubuta musu." Da ajami yake rubutu, kuma hannunsa yana da kyau ƙwarai. Bayan ya fita ta juyo da wayarta ta nuna mini shafin makarantar. Gurbin mai ba da shaida yana neman muƙaminsa, da sunan jami'arsa, da adireshin imel na wurin aikinsa, kuma in ba a cike ukun ba shafi na gaba ba ya buɗewa.